Dakta Siddiƙu Attahiru: Shekara Bakwai Yana Jiran A Kira Shi

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Talata, 9 ga Mayu, 1978, a farkon watan Jimada Sani, tsakanin azahar da la'asar, Allah ya karɓi ran Dakta Abubakar Siddiƙu, likitan ido, ɗan Malam Attahiru na Ƙofar Taramniya, yana da shekara arba'in. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi mako uku. An yi masa sutura kafin magariba. Da yawa daga cikin waɗanda suka bi gawarsa da ƙafarsu, bara warhaka sai an ja musu sanda suke fita.

Ni Maigandi, taubashinsa ne. Mahaifiyata da mahaifinsa ciki ɗaya suka fito. Na faɗi haka tun da wuri domin kada mai karatu ya ga ina yi wa mamaci tsiya ya ce ba ni da ladabi. Tun muna rarrafe muke wannan wasa, kuma ban san wata hanyar yi masa magana ba. An ce in rubuta ta'aziyya. Sau uku ina zama, duk abin da na rubuta in na duba sai in ga faɗa ne. Na gaji, na bar shi a yadda ya zo.

Siddiƙu, ka ba ni haushi kana da rai, ga shi ka tafi ban huce ba.

Kai ne ɗan fari a wurin Kawu Attahiru, kuma duk wanda ya tashi a garin nan ya san kunyar da ke tsakanin uba da ɗan fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya zama da shi, ba ya yabonsa, ba ya nuna ya damu da shi. A irin gidajenmu na malamai abin ya fi tsanani. Ana yaye ka aka kawo ka gidanmu a Ƙofar Kware, Inna Zulaihatu, goggonka, ta haɗa mu ta raina. Tabarma ɗaya, akushi ɗaya, bulala ɗaya. In Kawu zai yi maganarka sai ya ce "wancan", ko da kana tsugune a gabansa.

Halinka kuwa tun a lokacin ya nuna. Wata rana Inna ta kai ka kasuwa, ta aje ka a bakin rumfar masu ƙwarya ta ce kada ka motsa sai ta dawo. Ta shiga ciniki ta manta, ta bi ta wata ƙofa ta komo gida. Sai da aka zuba tuwo aka ga babu kai. Da aka je aka tarar da kai a tsaye a inda ta bar ka, rana ta gasa ka, ga gida kuwa ka san hanya sarai. Aka ce don me ba ka taho ba, ka ce ai ba ta dawo ba. Mutane suka yi ta yaba maka. Ni dai tun ranar na san za mu sha wahala da kai.

A 1962 ka sami tallafin gwamnati zuwa Turai koyon likita. Ba zan ambaci sunan ƙasar ba, don raina bai kwanta da ita ba har yau. Na raka ka sallama wurin Kawu. Yana zaure yana ba da karatu, ka tsuguna a bakin ƙofa. Bai ɗaga kai daga littafi ba. Ni ya kalla ya ce, "Ka faɗa wa wancan, ban son ganin ƙafatai garin nan sai na aika."

Duk wanda ke zauren ya gane nufinsa. A shekarun nan samari da yawa sukan tafi, sanyi da kewar gida su koro su kafin shekara ta zagayo. Cewa yake yi ka daure ka gama. Ɗaliban sun gane, ni na gane, mai kawo ruwa ma ya gane. Kai kaɗai ka ɗauki maganar ka ɗaure ta a wuya yadda ta fito.

Ka gama a 1969, ka ƙware a kan ido, malamanka suna yabon hannunka. A nan ne dokar ƙasar ta tare ka. Aikin likita, da haɗa magani, da lauyanci, duk an keɓe su ga 'yan ƙasa. Baƙo zai iya zuwa ya yi karatu aji ɗaya da su, ya ci jarrabawa ɗaya da su, har ya fi su, amma takardar da za a ba shi dabam ce. A ƙasanta akwai layi guda da ƙananan baƙaƙe, cewa wannan shaida ba ta ba mai ita ikon duba marar lafiya a ƙasar ba. Wato sun yarda ka iya, amma ka je ka iya a wani wuri.

To ai shi ke nan, sai ka je wani wurin. Gidan ubanka na nan, ba a tashe shi ba. Amma ina! Ka nemi ɗan aikin da doka ta yarje wa baƙo, aka ɗauke ka mataimaki a ɗakin tiyata. Kai ke dafa almakashi da allurai, kai ke jera su a faranti, kai ke riƙe fitila. Waɗanda ka taya karatu suka ci jarrabawa da ƙyar, su ke riƙe wuƙa, kana tsaye a bayansu kana raɗa musu inda za su yanka. In aiki ya yi kyau sunansu ake rubutawa. Maganin ɗigawa a ido ma ba ka da ikon rubuta wa kowa.

Duk wannan ba daga bakinka na ji ba. Wasiƙunka kullum "aiki lafiya, sanyi da sauƙi." Sai da wani abokin aikina ya je kwas ƙasar ya neme ka. Ya ce a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa ya same ka, babu taga, tururi da warin magani sun cika shi, kana tari. Ya ce da ya tambayi masu gadi ina Dakta Siddiƙu, suka ce ba su da likita mai wannan suna, sai dai in mai wanke kaya yake nufi. Da na rubuta maka ina zage-zage, ka amsa cewa wanke kayan aiki ma lada ne, kuma in ba a dafa su da kyau ba ido ya lalace.

Akwai kuma maganar maƙwabcinka, wani maƙeri da ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa wa a ido ranar hutu. Ya buga maka ƙofa yana ihu, ka zaunar da shi ka cire masa, idon ya tsira. Mutumin don murna ya yi ta ba da labari, har ya kai kunnen da bai kamata ba. Aka kira ka gaban hukuma, aka karanta maka doka, aka ce in ka ƙara za a kore ka daga ƙasar. Ka rubuto kana neman in taya ka addu'a. Wallahi na yi addu'ar, amma ba irin wadda ka nema ba. Roƙon Allah na yi ta yi ya kawo wani maƙerin, a kore ka mu huta.

Ka dubi abin da nake gani a nan a lokacin. Yaƙin basasa ya ƙare, kuɗin mai ya shigo, ana ta gina asibitoci babu masu shiga su yi aiki. Ni ne akawun da ke kula da ɗauko likitoci daga waje. Ni ke zuwa filin jirgi tarbar Indiyawa da Misirawa da mutanen Filifin, in kai su gidan da aka share musu, in miƙa musu makullin mota. Mutanen kirki ne, sun yi mana aiki, ba na musu. Amma likitan ido sai a shekara ba mu samu ba. Mai yanar ido in yana da hali a kai shi Kano. In ba shi da hali ya faɗa hannun masu soke ido da tsinke a bayan kasuwa, ko ya zauna a zaure ya jira mutuwa. Duk ran da na ga dattijo ana ja masa sanda sai in tuna akwai ɗan garin nan yana can yana dafa almakashi.

Na rubuta maka cewa ka dawo, ga gida, ga mota, ga marasa lafiya har ka gaji. Amsarka layi ɗaya ce: "Malam ne ya ce?"

Daga nan na shiga zirga-zirga. Kowace shekara, bayan ƙaramar salla da bayan babba, sai in sa riga in je Ƙofar Taramniya, in gurfana a zaure gaban ɗalibai, in ce, Kawu, ina neman izini in rubuta wa Siddiƙu ya dawo. Wani lokaci ya yi kamar bai ji ba, ya ce wa mai karatu ya ci gaba. Wani lokaci ya ce, "Ni na ɗaure shi?" In koma da murna in rubuta maka cewa ya ce bai ɗaure ka ba. Ka amso cewa wannan ba aike ba ne. Wata shekara har wasiƙa na buga da tafireta, da sunansa a ƙasa, na kai masa ya sa hannu kawai. Ya juya ta gaba da baya ya miƙo mini, ya ce in kai wa mai ƙosai ta naɗe kaya. Aikin ofis ya koya mini cewa takarda ba ta fita sai na sama ya sa hannu, kuma a kan haka na tsaya. Inna kuwa, wadda ita ce ke iya shiga tsakaninku, ta riga ta rasu tun kafin ka gama karatu.

A 1972 gwamnatinmu ta soja ta yi tata dokar, ta keɓe waɗansu sana'o'i ga 'yan Nijeriya. Na yi murna ƙwarai. Na yanko labarin a jarida na aika maka, na ce ga shi mu ma mun rama. Ka amsa cewa ba ka ce ƙasa ba ta da ikon kare abincin 'ya'yanta ba, amma in rage tafi, domin duk inda aka yi irin wannan doka akwai wani irinka da ya kwana bai san abin da zai yi da hannunsa ba. Na ji kunya, kuma na ji haushin ka sa ni jin kunya.

Sai idon Kawu ya fara. Na hagu ya riga, a 1973, yanar ido ta rufe shi a hankali, sannan na dama ya biyo. Da farko yakan kai littafi har bakin hanci. Daga baya ya koma ɗalibai su karanta shi ya fassara. Kafin shekara biyu sai an riƙe masa hannu zuwa masallaci. Na kawo mota har ƙofar gida in kai shi Kano, ya ce ba yanzu ba. Na kawo wani likita Bamisire ya duba shi a zaure, ya karɓe shi da mutunci, suka sha hira da Larabci, da aka zo maganar ido ya ce ba yanzu ba. Na ce to sai yaushe, Kawu? Ya ce in gaida gida.

Na rubuta maka duka, ban ɓoye komai ba. Na ɗauka wannan karon ko da ƙafa ne za ka taho. Ka aiko da tambayoyi shafi uku: yana ganin hasken fitila? yana bambance fari da baƙi? idon na ciwo? Ka ce alhamdu lillahi, irin wadda ake cirewa ce, aikin rabin sa'a. Sannan ka ce in koma in roƙe shi ya aika, domin in ka zo ba da izininsa ba ya ƙi yarda ka taɓa shi, ka saɓa masa kuma ba ka yi masa amfani ba. Na karanta wasiƙar a ofis na buga tebur har masinja ya leƙo. Uba yana makancewa a Sakkwato, ɗansa likitan ido yana wanke faranti a Turai, kowannensu yana ganin ladabi yake yi. Na rasa wanda zan fara shaƙewa a cikinku.

Abin da ya karya ni ya faru a watan Oktoba na 1976. Na je gaishe shi da hantsi na tarar yana ba da karatu. Littafi na buɗe a cinyarsa, yana bin layi da yatsa, yana zuba karatu daga ka ba ko tuntuɓe. Da na matsa sai na ga littafin a juye yake, ƙasa a sama. Ɗalibai goma sha suna gani, kowa ya sunkuyar da kai, ba wanda ya iya gyara masa. Ban ko zauna ba. Na fita na hau babur na tafi gidan waya, na buga maka tangaraho da kalma biyar: MALAM YA CE KA DAWO.

Ƙarya na yi. Ina faɗa a nan kowa ya ji, kuma zan zo kan dalilin faɗar.

Kwana tara tsakani kana filin jirgin Kano da akwati ɗaya. Shekara bakwai ina rubuta maka hujjoji, da roƙo, da zagi, ba ka motsa ba, kalma biyar suka ɗauko ka cikin kwana tara. Ka rame, furfura ta fito maka, kana tari kana cewa ƙura ce. A mota ka fiddo takardar tangarahon daga aljihun gaba ka nuna mini kamar ban san da ita ba, ka ce, "Ka gani? Na ce maka zai aika." Na ce na gani, na mai da ido kan hanya.

Na yi ta fargabar asirina zai tonu a zaure. Ashe babu abin tsoro. Mutum biyun da ba sa magana da juna, ta ina za su gano? Ka tsuguna a bakin ƙofa ka yi gaisuwa, Kawu ya juyo wajen da ya ji motsina ya tambaye ni ko hanya ta yi kyau. Iyakar marabar ke nan bayan shekara goma sha huɗu.

Ban manta da abin da aka yi maka a Ikko ba. Ka je rajista a wani ofis, ma'aikacin ya kai yatsa kan layin nan na ƙasan takardarka ya ce, in waɗanda suka koya maka ba su yarda ka duba mutanensu ba, mu don me za mu yarda? Can an hana ka don kai baƙo ne, nan an tsaya yi maka tambaya don takardarka baƙuwa ce. Wata biyar ana aika wasiƙu. Ni ina ta kumfar baki, kai kuwa ka komo Sakkwato ka sami gindin wata darbejiya a Unguwar Rogo, ka aje benci, kana haska idanun mutane da tocila kana rubuta sunayen masu yana. Ba ka taɓa kowa da wuƙa ba sai da izini ya fito. Ranar da ya fito sunaye sun cika littafi biyu.

Wata goma sha uku ka yi kana aiki. Sista Hannatu, 'yar Kagoro, wadda ta tsaya a gefenka tun daga ranar farko, ta ce ba ta taɓa ganin likitan da ke dafa kayan aikinsa da kansa ba sai kai. In ta hana ka sai ka ce a wannan fannin ka fi ta daɗewa. Ita ta ba ni labarin wata tsohuwa 'yar Wamakko da ta shekara takwas ba ta gani. Da aka kwance mata bandeji ta dubi 'yarta sama da ƙasa, abin da ta fara cewa shi ne, ashe da wannan zanen mai datti kike yawo da ni cikin mutane? Ta ce ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Ranar Asabar, da ya kamata ka huta, sai ka cika mota da kaya ku nufi ƙauyuka. Wanda ya kawo maka kaza ka karɓa don kada ya ji kunya, ka ba masu jinya. Kuma akwai matar wani likita Ba'indiye, ita ma likita ce, takardunta suka maƙale tana zaune a gida shekara guda. Ba ta roƙe ka ba. Kai ka ji labari ka bi mata sawu har aka ba ta izini, ka ce ka san yadda yini yake tsawo ga mai irin wannan zama.

Aikin Kawu kuwa, da ba a gabana aka yi ba da na ce ƙari ne. Ya yarda ya zo asibiti, amma bai yarda a ce wurinka ya zo ba. Wurin "likitan gwamnati" ya zo. Kuna ɗaki ɗaya, tsakaninku bai fi kamu guda ba, amma sai ka ce, Sista, ki ce wa Malam ya dubi sama. Hannatu ta ce, Baba, a dubi sama. Shi kuma ya ce, ɗiyata, ki ce wa likitanku wanga haske ya yi yawa. Haka kuka yi ta yi har aka gama, baiwar Allah tana tsakiya tana kai saƙo tana kawowa, tana cije leɓe. Da ka aje wuƙa, sai ka fita baranda ka zauna a ƙasa.

Ranar kwance bandeji ina nan. Ka tsaya a gabansa, don dole ka duba aikinka. Ya buɗe ido ya yi ƙifce-ƙifce, ya sauke shi a kan fuskarka. Ban taɓa ganin ya dube ka haka ba tun da nake. Bai daɗe ba ya kau da kai wajen bango, ya ce, "Ɗiyata, likitanku ya rame. Ba ku ba shi abinci ne?" Ka fita da sauri. Bayan mako shida, da tabarau mai kauri a hancinsa, ya koma karatu da kansa.

Ka auri Mariyatu, Allah ya ba ku Hadiza wata biyu kafin rasuwarka. Ita ma 'yar fari ce, amma ka ɗauke ta a kafaɗa ka fito da ita ƙofar gida kana kiran sunanta, tsofaffin unguwa suna salati. Na ce maka za a yi da kai. Ka ce a yi.

Tarin nan dai bai bar ka ba. Ko ɗakin nan marar taga ne ya jawo shi, ko dama can an rubuta, Allah ne masani, ni dai na san da lafiyarka ka tafi. Abokan aikinka sun ce ka kwanta, Hannatu ta ɓoye makullin ɗakin tiyata, ni na zo na yi maka tas a gaban matarka. Ka ce ka huta shekara bakwai, ya isa. Ka ci gaba har ranar da ƙafa ta ƙi ɗaukarka. Littafin sunayen yana nan a teburinka, na biyun ko rabi ba a kai ba. Jiya ma wani dattijo ya zo daga Gwadabawa, ɗansa na ja masa sanda, ya ce an ba shi wannan watan.

Yanzu ga dalilin da ya sa na tona kaina. Ranar addu'ar uku, bayan la'asar, mutane sun ragu, Kawu ya aika a kira ni cikin zaure. Na tarar da shi shi kaɗai da takarda a hannu. Mariyatu ce ta same ta a aljihun rigarka ta asibiti, ta yi laushi don ninki, da ta ga an ambaci Malam sai ta aika masa. Ya karanta ta da idon da ka gyara masa. Ya ce, "Wa ya buga wagga waya?"

Na durƙusa na ce ni ne, Kawu. Na ce na yi maka ƙarya, na sa maka magana a baki, duk hukuncin da ka ga dama ka yi mini.

Ya ninke takardar. Sannan ya cire tabarau ya aje a kan buzu.

"Maigandi, shekara bakwai kana zuwa kana tambayata gaban ɗalibai. Wane uba za shi buɗe baki cikin mutane shi ce shina marmarin ɗan fari? Da uwarka na da rai, ba ta tambaya ba, aikawa za ta yi ta ce ni na ce. Ni tun shekarar farko nike jiran ka yi min wagga ƙarya. Mi ya hana ka?"

Na yi shekaru ina jin haushin ƙasar da ta hana ka aiki, da kai, da Kawu, ina ganin ni kaɗai ne mai hankali a tsakaninku. Ashe aikin nawa ne tun farko, ni da na tashi a garin nan na san al'adarsa, na tsaya jiran sa hannu. Dokarsu ta hana ka riƙe wuƙa a can, wannan gaskiya ne, amma ba ita ta hana ka hawa jirgi ba. Abu ɗaya ke ɗan sanyaya mini rai. Ka rasu kana cewa mahaifinka ya kira ka, kuma ba ka yi kuskure ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga Kawu Malam Attahiru, da Mariyatu, da Hadiza wadda za ta san ka a bakin mutane, da dangi na Ƙofar Taramniya da Ƙofar Kware, da Sista Hannatu da sauran abokan aikinka, da waɗanda sunayensu ke cikin littafin nan ba a kai gare su ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya kawo musu wanda zai ƙarasa.

Allah ya jiƙan ka, Siddiƙu. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya karɓi biyayyarka ga mahaifinka, ya haskaka kabarinka gwargwadon idanun da ka buɗe, ya sa Aljanna ce makomarka. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Wanda duk ya karanta wannan ya yi maka addu'a, ina roƙonsa ya ƙara da ni, Allah ya yafe mini shekara bakwai ɗin nan. Amin.